Gyaran ƙafar baya don tashi a filin tsere: sandar mari, CalTracs, sauya sanduna, tsani ko sanda huɗu?

Mai Camaro ta 1969 ko Chevelle ta 1970 da ya zuba kuɗi ya ƙara wa inji ƙarfi, galibi ranar da ya fara zuwa filin tsere yake gane cewa ƙarfin bai kai ƙasa ba. Fitila ta ba da kore, ya taka totur, tayoyin baya su kama juyi a wuri ɗaya suna hayaƙi, ko su shiga tsalle har motar ta riƙa karkarwa kamar za ta warwatse. Takardar lokaci da ake miƙa masa a ƙarshen layi ita ce shaida: ƙafa 60 na farko, wato mita 18 da 'yan kai, sun ci masa daƙiƙa 2.2, alhali mota mai irin wannan ƙarfi tana iya yin su a 1.6. Masu tsere sun daɗe da lura cewa duk kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da aka rage a ƙafa 60, yakan rage kashi ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshen rubu'in mil, wato tsawon tseren gaba ɗaya.

Daga nan ne ruɗani ke farawa, domin hanyoyin gyara ƙafar baya, wato sifirin da sandunan da ke haɗa aksil na baya da jikin mota, sun kai biyar, kuma tsakanin mai araha da mai tsada akwai tazarar dala dubbai. Wasu noti kawai ake ɗaurewa, wasu sai an yanka ƙasan motar. Abin da ake saya a dukkansu guda ne: iko a kan yadda aksil ke danna taya a ƙasa a rabin daƙiƙar farko.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin motar

Ɗauki inji mai murɗin Nm 600, da giyabos TH400 wanda giyarsa ta ɗaya 2.48 ce, da giyar aksil 4.10, ga kwanbata, wadda ke haɗa inji da giyabos na otomatik, tana ninka murɗin kusan sau biyu a lokacin tashi. Idan ka ninka su duka, abin da ya isa aksil ya haura Nm 12,000. Tayoyi na juyawa gaba, kwanson aksil kuma yana ƙoƙarin juyawa baya da ƙarfi daidai da wannan, hancin finiyon, inda farfela ke haɗuwa da aksil, yana ɗagowa sama. Duk abin da ke riƙe da aksil, sifirin ne ko sanduna, shi zai karɓi wannan murɗi ya miƙa shi ga jikin mota. Ta ina ya miƙa shi, kuma da wane sauri, nan gizo ke saƙar.

Nauyin da ke komawa baya lokacin tashi yana da lissafi: nauyin mota, sau saurin ƙaruwar gudu, sau tsayin cibiyar nauyi daga ƙasa, a raba da tazarar aksil na gaba da na baya. Mota mai kilo 1,600, cibiyar nauyinta santimita 50 daga ƙasa, tazarar aksil santimita 284 kamar ta Chevelle mai ƙofa biyu ta 1968 zuwa 1972, idan ta tashi da ƙarfin g ɗaya, wato daidai ƙarfin jan ƙasa, za ta mayar da kimanin kilo 280 kan tayoyin baya. Babu sandar da za ta ƙara wannan adadi ita kaɗai. Aikin sanduna shi ne su sa nauyin ya sauka kan taya a lokacin da ya dace, kuma ya zauna a kanta.

Aksil yana lilo ne a kewayen wani wuri da ke gabansa, wanda za mu kira cibiyar lilo. A motar da ke da sanda ta sama da ta ƙasa, ka ja layi ta kan kowacce zuwa gaba, inda layukan suka haɗu nan ce cibiyar. Sai ka ja wani layi daga inda tayar baya ta taɓa ƙasa zuwa wurin da ke saman aksil na gaba daidai tsayin cibiyar nauyi. Idan cibiyar lilo ta faɗo a kan wannan layi, bayan motar ba ya durƙusawa kuma ba ya ɗagawa, wannan shi ne hana durƙuso kashi 100. Idan ta hau saman layin, jikin mota yana ɗagawa, aksil yana dukan taya ƙasa. Idan ta faɗi ƙasan layin, motar na durƙusawa. Durƙuson nan yana ruɗar masu kallo, suna ganin kamar nauyi ne ya sauka a baya, alhali a wannan ɗan lokacin aksil sama yake shigewa cikin jiki, taya kuma tana samun sauƙi.

Awon ba ya buƙatar komai sai tef, daɓe mai daidaito da takarda mai layi-layi. Direba ya zauna a ciki ko a ɗora nauyinsa a kujera, a zuba man da za a yi tsere da shi, iskar taya ta zama ta ranar tsere. A auna tsayin tsakiyar kowane noti daga ƙasa da nisansa daga tsakiyar aksil. Tsayin cibiyar nauyi kuwa, a irin waɗannan motoci akan ɗauki tsayin kamshaf a matsayin kusantawa, wajen inci 20. A Chevelle mai tazarar inci 112, cibiyar lilo da ke inci 55 gaban aksil na baya da inci 8 sama da ƙasa tana ba da hana durƙuso kashi 81. Ka matso da ita inci 42 gaba da inci 10 sama, ta koma kashi 133. Tazarar inci kaɗan a takarda, amma a fili mota biyu ce daban.

Ma'aunan zaɓi

Na farko shi ne irin ƙafar da motar ta zo da ita daga kamfani, domin shi ke rufe wasu ƙofofi tun kafin a fara magana. Camaro da Firebird na 1967 zuwa 1981, Nova, Mustang ta 1965 zuwa 1973, da Charger da Road Runner na wancan zamani, duk sifirin mai ganye gare su, irin wanda ke bayan Hilux. Chevelle, GTO da 442 na 1964 zuwa 1972, da Mustang ta 1979 zuwa 1993, sanduna huɗu ne da sifirin mai naɗi, na sama biyu a karkace domin su hana aksil zamewa gefe.

Na biyu taya. Silik, tayar tsere marar zane mai laushin gefe, tana son duka: a danna ta da ƙarfi gefenta ya yamutse, kuma tana yafe ɗan juyi a farkon tashi. Akan sa mata iska wajen psi 10 zuwa 14. Radiyal ta tsere, kamar 275/60R15 ta Mickey Thompson, gefenta ya fi tauri, iskarta wajen psi 15 zuwa 20, kuma ba ta yafiya: idan ta fara zamewa da wuya ta sake kamawa sai an ɗaga ƙafa. Tana son a danna ta a ci gaba da dannawa. Tayar titi ta yau da kullum kuwa, duka mai tsanani sa ta yake ta yi tsalle.

Sauran su ne inda motar za ta fi zama, titi ko fili, sai kuɗi, ƙarko, sauƙin ɗaurawa da saiti, da abin da zai faru ran da wani abu ya karye. Farashin da ke ƙasa kimantawa ce ta kasuwar Amurka, ba tare da kuɗin aiki ba.

Sandar mari

Sifirin mai ganye aiki biyu yake yi, ɗaukar nauyi da riƙe aksil, kuma na biyun ne ya fi ƙarfinsa. Murɗi na lanƙwasa rabinsa na gaba ya zama kamar harafin S, taya ta kuɓuce, sifirin ya warware da ƙarfi, taya ta sake kamawa, a sake zagayowa sau da yawa a daƙiƙa guda. Tsallen taya ke nan, kuma shi ke karya aksil da mahaɗin farfela. Camaro ta 1967 mai ganye ɗaya ta yi fama da shi har Chevrolet ta raba shokoba a 1968, ɗaya gaban aksil ɗaya bayansa.

Sandar mari, wadda Lakewood ta yi suna da ita, ƙarfe ce da ake ɗaurewa a ƙarƙashin aksil, ta miƙe gaba, da roba a bakinta. Aksil na juyawa, bakin ya tashi ya mari ƙasan sifirin, naɗewar ta tsaya. Kuɗinta dala 100 zuwa 200, kuma da jak da sifana za a gama cikin awa biyu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsawo. Dole robar ta daki daidai ƙarƙashin idon sifirin na gaba. Idan sandar ta gaza ta daki ganyen a bayan idon, a hankali za ta lanƙwasa shi ko ta karya shi. Saitinta ɗaya ne tak, tazarar da ke tsakanin roba da sifirin: wajen rabin inci a titi, rubu'in inci ko ƙasa da haka a fili, ɓangaren fasinja ya fi na direba matsewa. Tana rataye ƙasa sosai, kuma idan bakinta ya fi bakin rim kusa da ƙasa, ran da taya ta fashe sandar za ta caki kwalta. Tana kashe tsalle, wannan gaskiya ne. Amma dukanta na farat ɗaya ne, babu yadda za a yi ka sassauta shi ko ka tsawaita shi, shi ya sa radiyal ba ta cika jin daɗinta ba.

CalTracs da danginta

A nan ne mafi yawan masu sifirin mai ganye ya kamata su tsaya su duba da kyau. CalTracs ta kamfanin Calvert Racing na Kalifoniya kashi uku ce: faranti a ƙarƙashin aksil, baraket mai lilo a kan idon sifirin na gaba, da sanda mai zaren hagu da dama da ta haɗa su. Aksil na juyawa, sandar ta tura baraket, wani fil da ke saman baraket ɗin ya danne ganyen sifirin daga sama. Rabin sifirin na gaba ya zama sandar sama, sandar CalTracs ta zama ta ƙasa, wato an mayar da sifirin mai ganye ƙafa mai cibiyar lilo da ake iya matsarwa. Slide-A-Link ta Competition Engineering ma a kan wannan tunani take, sai dai da roba a tsakiyar sandar da ke tausasa dukan.

Baraket na gaba rami biyu gare shi. Ramin sama yana gajarta cibiyar lilo ya ɗaga ta, dukan ya yi tsanani da sauri. Ramin ƙasa yana tsawaita ta, dukan ya yi laushi. Mota mai giyar hannu da ake sakin kuloci a juyi 4,500 ko mai ƙarfi sosai, a fara da ramin ƙasa. Mota mai otomatik da ke tashi daga birki da ƙarfi matsakaici, ramin sama zai fi yi mata amfani. Ɗaurin farko kuma da direba a ciki ake yin sa: a juya sandar har fil ya taɓa ganye, sai a ƙara rubu'in juyi. A titi a sassauta a bar 'yar tazara, in ba haka ba kowane rami sai ka ji shi a ƙugu.

Akwai wani abu da ya shafi duk zaɓin nan, kuma a nan ya fi sauƙin gani. Murɗin farfela yana ɗage tayar baya ta dama ya danne ta hagu. Idan ta hagu ta fi kamawa, motar za ta karkata dama. Maganinsa ƙara ɗauri a sandar dama, rubu'in juyi a kowane gwaji. Idan ka wuce gona da iri za ta koma karkata hagu, kuma za ka ji tana fizga idan ka ɗaga ƙafa a ƙarshen layi, inda gudu ya fi yawa.

Kuɗinta dala 350 zuwa 500. Aikin da ke cin lokaci shi ne cire bushin roba na idon gaba a danna na alminiyom, wanda ke buƙatar a sauke sifirin gaba ɗaya. Alminiyom ɗin yana shigo da ƙara da girgiza cikin mota, kuma mahaɗan ƙwallo na bakin sandar suna cinyewa idan ƙura da ruwa sun dame su. Idan sifirin ɗin na asali ne mai shekara hamsin da ya riga ya kwanta, a haɗa da sabo. Calvert na sayar da mai ganye ɗaya rababbe biyu, wanda zai ƙara kimanin dala 500. Motoci da dama na yin rubu'in mil a daƙiƙa 9 da ƙasa da haka a kan wannan haɗi, ba tare da an yanka ko inci ɗaya na ƙasan mota ba.

Masu Dodge da Plymouth suna da tasu hanya. Chrysler ta ƙera sifirinta da gajeren rabin gaba mai tauri, wanda shi kansa sandar riƙo ne. Sifirin Super Stock ya ƙara a kan haka, na dama ya fi na hagu ƙarfi, ga kuma robar da ke kan hancin aksil tana tokare ƙasan mota. Yana ɗaga bayan mota sosai lokacin tashi, don haka sai da doguwar shokoba. Idan shokoba ta miƙe ta ƙare, taya za ta saki ƙasa nan take.

Motocin sanduna huɗu na kamfani

Chevelle da 'yan uwanta sun zo da tsarin da ya fi sifirin mai ganye kyau a takarda, amma sandunan faranti ne da aka lanƙwasa, bakinsu roba. Suna murɗewa, roba na matsewa, tsalle ya biyo baya. Abin ya fi muni a motar da aka saukar ƙasa don kyau, domin sandar ƙasa takan koma tana gangarawa gaba, cibiyar lilo ta nutse, hana durƙuso ya zube.

Gyaran mataki uku ne. Sandunan ƙasa na bututu ko rufaffu, sandunan sama masu saiti don gyara kusurwar finiyon, sai baraket da ke saukar da bakin baya na sandar ƙasa da inci 2 zuwa 3, mai rami biyu ko uku. Baraket ɗin ne ke matsar da cibiyar lilo, sandunan riƙe ta kawai suke yi. Wanda ya sayi sanduna masu tsada ya bar baraket ya kashe tsalle amma lissafinsa na nan inda yake. Manufa ita ce sandar ƙasa ta kwanta daidai ko ta ɗan hau gaba da digiri 1 zuwa 3. A yi wa baraket walda ko da na noti ne. Akwai kuma masu ɗaga bakin baya na sandunan sama a kan kwanson aksil, amma kada a haɗa biyun a lokaci ɗaya, cibiyar za ta gajarce ainun, motar ta daki taya ta sake ta cikin ƙafa goma.

Wurin da mutane ke cutar kansu shi ne bushin. Sandunan sama a karkace suke, dole su ɗan murɗa idan mota ta jingina. Idan aka cika dukkan baki takwas da foliyuritan mai tauri, ƙafar ta ƙage, ƙarfin ya koma kan maɗauran jiki. A Mustang ta 1979 zuwa 1993 maɗauran nan faranti ne siriri, suna yagewa, don haka a ƙarfafa su da faranti da walda kafin a sa silik. A Chevelle a sa sandunan tokara tsakanin maɗaurin sama da na ƙasa. Ko wace mota ce, aƙalla baki ɗaya na kowace sandar sama ya zama mahaɗin ƙwallo mai juyawa.

Don daidaita hagu da dama, hanya mai araha ita ce jakar iska a cikin sifirin dama, a fara da psi 10 a riƙa ƙarawa. Mai tsada kuma mafi inganci ita ce sandar hana jingina ta tsere. Jimillar kuɗi dala 500 zuwa 1,200, kuma motar na nan da daɗin tuƙi a titi, wani lokaci ma ta fi da.

Camaro ta 1982 zuwa 2002 daban take, doguwar sanda ɗaya ce ke riƙe murɗin daga aksil zuwa jelar giyabos. A can, a ɗauke bakin sandar daga giyabos zuwa kan gindin ƙarfe mai ramuka, a ƙara baraket na sandunan ƙasa.

Tsani

Daga nan an shiga yanka da walda. Sandar tsani alwatika ce mai tsawon inci 32 zuwa 36, an ɗaure ta ƙam a kwanson aksil, bakinta na gaba noti ɗaya. Notin nan shi ne cibiyar lilo, ido na ganinsa, babu zane babu lissafin layuka. A Nova mai tazarar inci 111, tsani mai inci 33 da notinsa ke inci 6 daga ƙasa yana ba da kusan kashi 101, a ɗaga shi zuwa inci 8 ya koma kusan 134. Sauƙin fahimtarsa da maimaita lokaci iri ɗaya a kowane tashi su ne suka sa masu tseren daidaita lokaci, inda direba ke faɗin lokacinsa tun kafin tashi, ke ƙaunarsa.

Aibinsa a titi yake. Sanduna biyu ƙam a kan aksil ɗaya ba sa barin taya ɗaya ta hau ɗaya ta sauka. Shiga gida a karkace ta kan gangaren ƙofa ya isa ya ɗage taya ɗaya sama, kuma kullum ana haka sai walda ta tsage. Idan mahaɗin gaba ya karye a guje, sandar za ta faɗi ta caki ƙasa, don haka a sa mahaɗin ƙarfen kuromoli mai ƙwari na inci ¾, a riƙe shi tsakanin faranti biyu, da madaurin tsaro a ƙarƙashinsa. Yana buƙatar sandar hana zamewa gefe da shokoba mai sifirin a jiki. Kaya dala 1,200 zuwa 2,500, aikin walda daban.

Sanda huɗu ta tsere

Sanduna biyu a kowane gefe, da faranti masu jerin ramuka gaba da baya, suna ba da wuraren cibiyar lilo fiye da ɗari. Ana iya sauya nisan cibiyar ba a taɓa tsayinta ba, abin da tsani ba zai iya ba, kuma ƙafar na barin mota ta jingina. Ana ƙara wa tayar dama nauyi ta hanyar gajarta sandar sama ta dama, fuskar noti ɗaya a lokaci guda. Amma sai an yanke bayan shasi an gina sabo, kuɗi ya kama daga dala 2,500 zuwa sama da 6,000 kafin ladan maƙeri, kuma yawan ramukan nan yana ɓatar da wanda ba shi da sikelin taya huɗu da littafin rubuta kowane canji. Gasa da yawa na ajin ƙafar kamfani ba sa karɓar motar da aka yi wa wannan ko tsani. Camaro Z/28 ta asali ko Charger mai injin Hemi kuwa, yanka ta asara ce da ba ta dawowa.

| Zaɓi | Kuɗin kaya (dala) | Ɗaurawa | Saiti | Titi | Inda yake karyewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Sandar mari | 100–200 | noti, awa biyu | tazara kawai | da dama-dama | lanƙwasa sifirin, cakar ƙasa |
| CalTracs | 350–500, da sabon sifirin kusan 1,000 | noti, yini guda | rami biyu da ɗauri | mai kyau in an sassauta | cinyewar mahaɗai |
| Sanduna da baraket | 500–1,200 | noti da 'yar walda | rami biyu ko uku, kusurwar finiyon | mai kyau | yagewar maɗaurai |
| Tsani | 1,200–2,500 | yanka da walda | tsayin notin gaba | marar daɗi | tsagewar walda, mahaɗin gaba |
| Sanda huɗu | 2,500–6,000 | sabon bayan shasi | fiye da ɗari | ya danganta da gini | kuskuren saiti |

Abubuwan da kowane zaɓi ke jingine da su

Kusurwar finiyon ba ta ƙara kamun taya, amma ita ke ceton mahaɗin farfela. Ana sunkuyar da hancin ƙasa gwargwadon yadda zai ɗago a ƙarƙashin murɗi, domin ya miƙe daidai lokacin da ake taka totur. Sifirin mai ganye zalla digiri 5 zuwa 7, da CalTracs 2 zuwa 4, sanda huɗu mai mahaɗan ƙarfe 1 zuwa 2, tsani wajen digiri 1. A sifirin mai ganye da weji ake gyarawa, a sa na ƙarfe, na alminiyom fashewa yake. Idan sunkuyon ya yi yawa za ka ji girgiza duk lokacin da ka ɗaga ƙafa a babbar hanya.

Shokoba ita ce rabin aikin. Cibiyar lilo na faɗin ƙarfin duka, shokoba na faɗin saurinsa. A sayi mai saiti biyu, na matsewa daban na miƙewa daban, irin na QA1, Viking ko Strange. A shafa farin layi a gefen taya, wani ya tsuguna a gefen layin tashi ya ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya da waya. Idan ka ga jiki ya rabu da taya farat ɗaya, gefen tayar ya murƙushe har rim ya kusa taɓa ƙasa, sannan ta dawo ta zame, a ƙara taurin miƙewa da danna biyu. Idan farin layin ya fara juyi tun kafin jiki ya motsa, a sassauta. Canji ɗaya a kowane tashi, a rubuta.

Motocin da jikinsu ne shasinsu, Camaro, Nova, Mustang da Charger, a haɗa musu gaba da baya da ƙarafunan walda kafin komai. A aksil na GM mai noti 10 ko 12, a zagaye bututun da walda inda ya shiga kwanso, domin yakan juya a ciki. Hukumar NHRA, mai shirya irin wannan tsere a Amurka, tana buƙatar zoben tare farfela cikin inci 6 daga mahaɗin gaba ga motar da ke yin rubu'in mil a daƙiƙa 13.99 ko ƙasa a kan silik, ƙarfen kariyar direba daga 11.49, da sandunan aksil na tsere daga 10.99.

Wa ya dace da me

Motar yawon ƙarshen mako mai tayar titi da ƙarfin doki bai wuce 400 ba, wadda tsalle kawai ke damunta: sandar mari mai tsawon da ya kai idon sifirin ta wadatar, a Chevelle kuma sandunan ƙasa masu ƙarfi.

Motar da ke zuwa fili da ƙafarta ta yi tsere ta koma gida, mai doki 400 zuwa 800 a kan radiyal, ita ce mafi yawa, kuma amsarta ba ta buƙatar injin yanka. Mai sifirin ganye ya ɗauki CalTracs da sabon sifirin. Mai sifirin naɗi ya ɗauki baraket, sandunan sama masu saiti da sandar hana jingina. Kuɗin da ya rage a zuba shi a shokoba mai saiti biyu, a nan kwalliya ke biyan kuɗin sabulu.

Mai Dodge ko Plymouth da ke son motar ta zauna da kamanninta na 1969, sifirin Super Stock da robar hancin aksil da doguwar shokoba.

Motar da tirela ke kai wa fili, mai silik, wadda burinta ta maimaita lokaci ɗaya a kowane zagaye, tsani ya fi mata. Sanda huɗu ta tsere ta wanda ya riga ya gwada duk ramukan da yake da su ce, littafinsa ya nuna ƙafa 60 sun tsaya cak, ƙarfin doki ya haura 800, taya mai faɗin inci 14 ba ta shiga tsakanin shasin asali, kuma ajin da yake shiga ya yarda a yanka.